Bolan ɗin motata na ƙara ƙas-ƙas in na juya, an canza kardan amma ba ta daina ba

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku, ya ƙarshen damana. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini da shawara, abin ya hwara damuna ƙwarai. Ina nan Tawa, ina da Corolla ƙirar 2006 wadda na saye okaziyo yau shekara huɗu, ba ta taɓa ba ni wahala ba in ban da bidanj da birki. To tun tsakiyar damana da nike yawan zuwa Keita duba gonar tsohona, kun dai san hanyar, latarit da eskaliye da koramu, sai na hwara jin wata ƙara daga gaba in na juya bolan, wato sitiyari kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa. Ƙas, ƙas, wani lokaci kuma ɗaya tak mai ƙarhi kamar an ɗalle waya, kuma ina jin ta har cikin tahin hannuna ba kunne kaɗai ba.

Na kai ma wani makanike, ko shiga motar bai yi ba, ina ce mishi ƙara in na juya sai ya ce kardan ne, wato sandar da ke kai ƙarhin moter ga ƙafa tana juya ta. Anka sawo kan kardan na hagu, da kuɗɗin piyes da kuɗɗin hannu sai da jikka 25 ta hita aljihuna, na hito garaji ina kwanar farko na ji ƙas, wallahi kamar ba a taɓa komi ba. Na koma sai ya ce to na dama ne, in sake kawo kuɗɗi. Nan ne na ce a'a bari in yi tambaya tukuna.

Abin da ya sa hankalina bai kwanta ba, ƙarshen watan nan zan kai tsohuwata Yamai ganin likita, da ita da maiɗakina da jariri, wajen kilomita 550 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, ba ni son in ɗauko su cikin motar da ban yarda da gabanta ba. Mi kuke gani, in canza na daman ko akwai wani wurin da ya kamata a duba?

Mai Taksi Wadata:

Wa alaikumus salam yayana. Ni dai a sanina ƙas-ƙas a kwana kardan ne, shekara tara ina jan taksi cikin Yamai na canza shi ya hi a ƙirga, rairayin cikin unguwanni shi ke cinye mana shi, da zarar sufle, robar da ke ruhe kan kardan, ya tsage giris ya zube ƙasa ta shiga to shi ke nan sati nawa ne. Wata ƙila makaniken naka gaskiya gare shi na dama ne ke kuka, don ƙara tana ruɗin mutum, kana zaune gefen hagu komi sai ka ji kamar daga ƙarƙashinka yake. Ko kuma piyes ɗin da sunka sa maka ce ba ta da kyau, akwai sabbin da ke zuwa cikin kwali mai sheƙi amma wata biyu ba su yi. Ka leƙa bayan ƙafar dama ka gani, in ka ga baƙin giris ya fantsama cikin jant da jikin amortisar to ba sai an gaya maka ba. Allah ya ba tsohuwa lahiya.

Baba Makanike:

Salamu alaikum. Ɗana, kada ka sake sayen ko bulo ɗaya sai ka amsa mini tambaya guda: ƙarar nan, sai mota na tahiya take yinta, ko ko tana tsaye wuri ɗaya ka murɗa bolan ita ma tana yi? Duk maganar nan ce. Mai taksi bai yi ƙarya ba, kardan shi ya hi yawan yin haka a ƙasarmu, amma kardan yana da irin kukanshi. Cikin kan nan akwai ƙwallayen ƙarhe guda shida da ke gudu cikin hanyoyinsu, in sunka ci wurin sai su riƙa tsalle, don haka kukan yana bin juyawar ƙafa, tak-tak-tak-tak a jere, in ka ƙara wuta ya ƙara sauri, ya hi hitowa in ka karya bolan har ƙarshe kana tashi. Mota in tana tsaye kardan ba ya juyawa, to mi zai sa shi kuka? Wanda bai shiga mota ya ji da kunnenshi ba lalube ne yake cikin duhu, kuma da kuɗɗinka yake laluben.

Ga abin da za ka yi, ba ka biyan kowa ko dala. Da farko ɗauki kile ka bi bulolin ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, na sha ganin mutum ya zo da tashin hankali ashe mai faci ne bai ɗaure ƙafa ba. Sa'an nan ka samu fili marar mutane, irin filin ƙwallo da sassafe, ka sauke gilas, ka karya bolan hagu har ƙarshe ka yi zagaye sannu-sannu, ka yi dama, ka maimaita da baya. In tak-tak ɗin nan mai jere ta hito to kardan ne, kuma ka sa yaro ya tsaya waje ya gaya maka ƙafar da ke yi.

Bayan nan ka tsaya, ka ja birkin hannu, ka kashe moter amma ka bar kile a kontak don kada bolan ya kulle, ka riƙa kaɗa shi hagu da dama kaɗan-kaɗan. In ya yi ƙara a nan, sai mu raba wurin biyu, cikin mota ko waje. Na cikin mota, ka sa kai ƙarƙashin tablo wajen pedal za ka ga sandar da ta sauko daga bolan zuwa kiremayer (ƙarhen da ke tura ƙafafun gaba hagu da dama), tana da ƴan gaɓoɓi biyu da bulo mai matse ta, ka riƙe ta da hannu wani ya kaɗa, in nan ne za ka ji tana buga maka. Na waje kuwa, ka tada moter, wani ya juya bolan daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, kai kuma ka ɗora tahin hannu bisa resor ɗin amortisar ta saman taya. Tahin hannu na ce, daga waje, kada ka kuskura ka sa yatsu tsakanin zoben resor. Ya kamata ya juya sumul tare da ƙafa. In ka ji ya tsaya ya ɗaure sa'an nan ya ƙwace da ƙarhi, tang, to rulman kupel ne na can sama inda amortisar ta kama jikin mota.

Na ƙarshe shi ne wanda ya hi muhimmanci ga tahiyar da za ka yi. Ka ɗaga ƙafa da kirik, ka sa dutse bayan ƙafar baya, ka kama taya hannu ɗaya gaba ɗaya baya ka girgiza, in akwai wasa to rotil ɗin direksiyon ne, wato gaɓa mai ƙwallo da ke haɗa ƙafa da sandar kiremayer, ko na ciki da ke cikin sufle na kiremayer. Ka sake kamawa sama da ƙasa, in ta yi wasa nan to rotil na ƙasa ne ko rulman ƙafa. Kada ka shiga ƙarƙashi mota na bisa kirik kaɗai. Je ka yi ka dawo ka ba mu labari.

Uwar Biyu:

Sannunku da aiki, Baba Allah ya ƙara girma. Ni ba makanikiya ba ce amma bari in faɗi nawa ko zai yi amfani. Tawa motar bara ta yi wata ƴar ƙara ƙyas-ƙyas kamar ana murza leda, amma ita cikin bolan ɗin kanshi take, daidai bayan wurin kilakson, kuma ina tsaye a gida ma tana yi. Na share ta har wata biyu, sai kilakson ya hwara yi yana ɗaukewa, daga baya fitilar erbag ta kama ba ta mutuwa, kun san tuƙi cikin Yamai ba kilakson ga ƴan kabu-kabu ta ko'ina, rannan wajen Katako saura kaɗan in taka wani mai kura. Da anka buɗe ashe wata siririyar waya ce mai faɗi naɗe cikin wani zobe bayan bolan, ita ke kai wuta ga kilakson da erbag, ta karye tana goga. Mai aikin da ya yi mini sai da ya cire kan batir ya jira ɗan lokaci kafin ya taɓa erbag ɗin, ya ce in ba haka ba yana iya tashi a fuskar mutum. Malam ka gwada kilakson ɗinka kana juya bolan, kuma ka kula ko fitilar na kamawa. Allah ya kai ku lahiya, a gaida Inna da jiki.

Ɗan Adar:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka ma kowa da alheri. Hajiya kilakson lahiya lau kuma ba fitilar da ta kama. Baba na yi duk abin da kunka ce yau bayan sallar asuba ni da ƙanena. Bulolin ƙafa a ɗaure suke. Zagaye a fili na yi shi gaba da baya hagu da dama, babu tak-tak mai jere ko kaɗan, sai dai lokacin da nike murɗa bolan ɗin ne take yin ƙas sau ɗaya ko biyu, in na riƙe shi wuri ɗaya mota na zagayawa shiru kake ji. Na leƙa bayan ƙafar dama kamar yadda mai taksi ya ce, sufle lahiyarshi ƙalau ba giris ko ɗigo.

Tana tsaye kuwa tana yi sosai. Sandar ƙarƙashin tablo na riƙe ta ban ji komi ba. Amma da na ɗora hannu bisa resor na hagu ƙanena na juyawa, wallahi Baba kamar yadda kunka faɗa, sai ya tsaya kamar ana murɗa shi sa'an nan ya ƙwace, tang, har na janye hannu don tsoro. Na dama shina yi kaɗan amma ba kamar na hagu ba.

To sai dai ga wani abu da ban zata ba. Da munka ɗaga ƙafar dama na girgiza gaba da baya sai na ji tana wasa, ƙoƙ-ƙoƙ, ƙanena ya haska da tocin waya ya ce ɗan ƙarhen nan da ke kama bayan ƙafa shina motsi cikin gidanshi kuma robarshi ta yage. Ita wannan ba ta taɓa yi mini ƙarar da na lura da ita ba. Yanzu wanne ne na gaggawa, don gaskiya kuɗɗin hannuna ba su kai in yi duka ba ga kuɗɗin asibiti na jirana.

Mai Piyes:

Salam. Ni piyes nike saidawa nan Yamai, bari in sa baki kan sayayya don nan ne mutane ke asara ta biyu. Malam kupel kala-kala ne, akwai motocin da rulman ke rabe da robar ana iya sayen shi shi kaɗai, akwai waɗanda yake haɗe ciki sai dai ka sayi kupel ɗin gaba ɗaya, kuma Corolla ta wannan shekarun ma ba iri ɗaya ba ce, wadda ta hito Amurka da wadda ta hito Turai ba komi nasu ke shiga juna ba. Kada ka yi cinikin biri a sama ta waya, ka ba mai kanti lambar shasi da ke cikin kart giris, wato takardar mota, ko kuma a kwance tsohon a kai a gwada ido da ido. In okaziyo za ka saye ka juya rulman da hannu, in ka ji gara-gara kamar da tsakuwa ciki ka ajiye. Amma rotil ni ban ba kowa shawarar okaziyo, wanda anka ciro daga wata mota ba ka san saura kwana nawa gare shi ba kuma sabon ba shi da tsada can. Ku da ke Tawa Ƙonni na kusa da ku, kaya na shigowa daga Sakkwato da Kano, sai dai a buɗe ido don mai kyau da marar kyau duk cikin kwali iri ɗaya suke.

Don masu karatu kuma da ke da Hyundai ko Kia mai direksiyon na lantarki, irin su Elantra da Sonata na wajen 2011 zuwa 2014, in kun ji ƙas-ƙas daidai ƙarƙashin bolan mota na tsaye, yawanci wata ƴar roba ce mai kamar tauraro tsakanin ɗan moter na lantarki da sandar bolan, in ta cinye sai ƙarhe ya riƙa bugun ƙarhe. Robar ba ta kai tahin hannu ba kuma kuɗɗinta kaɗan ne, aikin kwancewar ne mai yawa, amma sai ka ga mutum ya zo neman kolon, wato sandar bolan, gaba ɗaya don an ce mishi ta mutu.

Baba Makanike:

Madalla ɗana, yanzu ka san ciwon. Ka ji ni da kyau, wanda ke maka kuka ba shi ne mai haɗarin ba. Kupel zai dame ka, zai sa bolan nauyi ya riƙa ƙin komawa tsakiya bayan kwana, in an daɗe ƙwarai yana iya gajiyar da resor, amma ba ya raba ka da ƙafa yau ko gobe. Rotil kuwa shi ne ke riƙe da ƙafa ga direksiyon, ƙwallo ne cikin gida, robar ta yage ruwan korama da yashi sun shiga sun cinye, ranar da ya hita daga gidanshi ƙafar nan ta bar jin maganar bolan, ta karkace inda ta ga dama. In cikin gari ne kana sannu sai ka ji kunya kawai, in bisa gudron ne tsakanin Ƙonni da Dutsi kana gudun 90 ga manyan motoci na tahowa, Allah ya kiyaye. Kada ka ɗauki Hajiya tsohuwarka cikin motar nan sai an canza shi, ko Badagishiri kada ka je da ita.

In za a canza, a ƙirga sau nawa tsohon ya juya kafin ya hita daga zaren a mai da sabon daidai, amma wannan na kai ka wajen masu paralelisim ne kawai, wato daidaita saitin ƙafafu, dole a yi shi in ba haka ba kafin ka kai Dosso gefen taya ya cinye. A duba na ciki ma tunda an buɗe, a kama sandar a ja a tura. Kuma a sa gupi, ɗan ƙarhen da ke hana ekuru kwancewa, ko sabon ekuru mai kulle kanshi, ba ƙusa lanƙwasassa ba.

Kupel in ka samu hali a yi biyun tare tunda na dama ma ya hwara, kuma in da za ka iya haɗa su rana ɗaya da rotil sai ka biya paralelisim sau ɗaya, don in an kwance amortisar daga ƙafa saitin na iya gocewa. Abu ɗaya nike roƙonka, ka tsaya ka ga da mi za su matse resor. Akwai abin matse shi na ƙarhe mai ƙugiya, shi ne na aikin. In ka ga sun ɗauko igiya ko waya ko sun ce yara su hau su danne, ɗauki motarka ka tahi. Ina da yaron da ya koyi aiki wurina, a wani garaji resor ya ƙwace ya same shi a haɓa, har yau ba ya tauna da gefe ɗaya. Kai ma kada ka taɓa babban ekuru na tsakiya da ke ƙarƙashin kapo da sunan za ka zuba mai, shi ke riƙe da resor ɗin. Zuba mai daga sama ma ba ya kai wa ga rulman, in ya yi shiru kwana biyu ne.

Mai Taksi Wadata:

To Baba na karɓa, ni da na ce kardan ne. Gobe in sha Allahu zan ɗaga tawa in girgiza don rabon da in duba rotil tun kafin azumi.

Ɗan Adar:

Ƴan uwa na dawo da labari. Na samu wani dattijo mai garaji nan cikin gari wanda ya shiga motar da kanshi ya ji, ya kuma sa ta bisa rami ya nuna mini da idona. Rotil na dama da ya cire, da yatsa biyu yake kaɗa shi kamar haƙorin da ya kusa hita, jikina sai da ya yi sanyi da na tuna sau nawa na ɗauko yara cikinta daga Keita. Na ciki lahiya lau. Na ranci kuɗɗi wajen yayana munka yi kupel biyun rana ɗaya kamar yadda Baba ya ce, na tsaya kansu kuma da abin ƙarhen sunka matse resor. Rulman na hagu da anka buɗe jar ƙasa ce cike da tsatsa ba giris ko kaɗan, da hannu ma ba ya juyawa. An yi paralelisim, yanzu bolan shiru kuma ya yi sauƙi har yana komawa tsakiya da kanshi, na manta ma haka yake da.

Tsohon kan kardan ɗina na koma na karɓo shi, dattijon ya wanke ya duba ya ce ba abin da ya same shi, in ajiye. Baba tambaya ta ƙarshe, in zan ajiye shi sai na cika shi da baƙin giris ɗin nan na kardan in ɗaure cikin leda, ko a bushe ya hi? Ranar Lahadi da asuba za mu kama hanya in Allah ya yarda, ku sa tsohuwa cikin addu'a.

Baba Makanike:

Ka cika shi da giris ɗin ka ɗaure da kyau kada ƙura ta shiga, ka rataye inda ruwa ba ya kai. Kuma in kun kai Ƙonni ka tsaya ka sake bin bulolin ƙafafun gaba da kile tunda an cire su. Allah ya ba Hajiya lahiya, ya kai ku ya dawo da ku.